Zafin ɗaki daga sama yake saukowa

Duk shekara in watan Afrilu ya kama, zafi ya doshi digiri 45 a Yamai da Tawa, kuka ɗaya ake yi: kuɗin wuta sun yi yawa. Amma ba kowa ke ɗaga kai ya dubi rufin ɗakinsa ba, alhali nan ɓarnar take.

Da azahar hannu ba ya iya taɓa kwano. In babu komi tsakaninsa da mutane, wannan zafi kansu yake sauka, na'urar sanyaya ɗaki ta yini tana faɗa da rana, mai gida yana biya. Maganin bai kai na'urar tsada ba: a yi rufin ciki, wato filafon, a bar sarari tsakaninsa da kwano, da ƴan kafofi a gefe inda iska mai zafi za ta fice, a shimfiɗa abin da ke tare zafi a bisansa, a shafa wa kwanon farin fenti. Sannan a toshe ƙarƙashin ƙyaure da gefen taga. Duk inda ƙurar hunturu ta samu hanyar shiga, ta nan sanyin da aka saya yake zurarewa. A ofisoshin gwamnati abin ya fi muni, na'ura na aiki ƙofa na buɗe, tun da ba daga aljihun kowa kuɗin ke fita ba.

Maginan dauri sun riga mu sanin wannan. Kaurin bangon ƙasa na unguwar Birni a Damagaram yana riƙe zafin rana sa'o'i kafin ya ratso ciki. Shi ya sa zaure ke da sanyi da tsakar rana. Gaskiya ne da dare bangon yana amayar da abin da ya sha, kuma yaɓe yake so duk shekara. To amma bulon siminti da muka ɗauka alamar arziki, shi da rana ma ba ya raga wa kowa. A Dandaji, cikin jihar Tawa, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala masallaci da ɗakin karatu a 2018 da tubalin ƙasa da aka matse da inji, ba wanda ya kira ginin na ƙauye.

Ɗan kasuwa mai gina gidan haya zai ce ba shi ke biyan wuta ba. Ya tuna watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da a lokacin muke samun kusan kashi 70 cikin 100 daga gare ta: ranar, ɗaki mai filafon ya zaunu, mai kwano tsirara kuwa sai gindin bishiya.

Sai dai a kiyaye: ɗakin da aka toshe sosai ba a kwana da garwashi a cikinsa lokacin ɗari, domin iskar gawayi tana kisa ba tare da wari ba.