Gidaje Sun Cinye Makiyaya, Ina Za Mu Tsayar Da Shanu?



Duk wanda ya san Oforikrom a da, ya san cewa in ka wuce jami'ar KNUST ka nufi Oduom ko Anwomaso, daji ne da fadamu inda dabba take cin ciyawa ta sha ruwa. Yau sai bulo da kwano iyakar ganinka. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen wannan gunduma sun haura 213,000. Tun da aka cire ta daga majalisar birnin Kumasi a 2018, kukanta ɗaya ne da na sauran majalisu: gwamnati ta sako kuɗi a yi tituna da kwalbatoci da famfo da lantarki saboda sababbin unguwanni.

Ba mu ƙi wannan kuka ba. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya ce a ware wa majalisun gundumomi aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa, kuma kowa ya san kuɗin nan ba sa fitowa daga Akra a kan lokaci. Mu ma a zango muke kwana, mu ma ruwa yana shiga ɗakunanmu da damina. Abin da muke tambaya shi ne, a cikin waɗannan takardu na neman kuɗi, a wane shafi aka rubuta wurin shanu?

Saniyar da ake yankawa a mayankar Kaase ba daga sama ta faɗo ba. Daga Barkina Faso da Mali da Nijar take zuwa, ta ratso Paga ko Bawku, ta kwana a mota tana jin ƙishirwa. In ta sauka tana bukatar fili da ruwa da ciyawa kafin dillali ya sami mai saye. Falke ya biya kuɗi a kan iyaka, ya biya a shinge, ya biya tikitin kara. Amma da zarar an shimfiɗa titi a wata unguwa, sai fili ya yi tsada, masu ƙasa su yanka fuloti, a wayi gari mai garke ya zama baƙon da ake kora. Wanda ya kai ƙararka cewa shanunka suna ɓata masa ƙofar gida, shi ne zai aiki yaro sayen tsire da yamma.

Kada wani ya ce mana babu hali. Da za a yi titin Oforikrom zuwa Asokwa, ba a watsar da masu aikin katako na Anloga ba. An gina musu matsuguni a Sokoban da taimakon kuɗin Faransa. A maƙwabtanmu Asokore Mampong, gidajen gwamnati da aka fara a 2006 sun yi shekaru a yashe, amma daga baya hukumar fansho ta SSNIT ta zuba kuɗi aka buɗe sama da gida 1,000 a 2020. Ashe in ana so, ana samun fili, ana samun kuɗi. Katako ya sami gida, mutum ya sami gida, saniya ce kaɗai ba ta da gata?

Mun ga ƙarshen irin wannan sakaci a Agogo. An bar noma da kiwo suna goga kafaɗa ba iyaka ba burtali, har kotu a Kumasi ta ba da umurnin fitar da shanu a 2012, daga baya sojoji da 'yan sanda suka shiga daji. An yi asarar rayuka a ɓangarori biyu, an harbe dukiya mai yawa. Gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, me kake jira?

Mu ma da namu laifin. Ranar da majalisa ta kira taron jin ra'ayin jama'a a kan tsarin gari, muna kara muna ciniki. Sai an kafa turakun awo sannan mu ruga wurin Sarkin Zango da Sarkin Fulani muna salati. Wasunmu kuma suna sakin dabbobi a titi ba mai kora, suna ba maƙiya abin faɗa. Wannan sai mu daina.

Saboda haka ga bukatunmu. Na ɗaya, duk tsarin sabuwar unguwa da za a kai Akra neman kuɗi, a sa filin saukar shanu da mashaya a cikinsa, da takarda a rubuce, ba alkawarin baki ba. Na biyu, majalisun Kumasi da kewaye su haɗa kai da sarakunan Asante masu ƙasa a keɓe makiyaya a bayan gari tun kafin gini ya isa can. Na uku, Asusun Raya Zango da aka yi wa doka a 2017 ya tuna cewa fataucin shanu da goro yana cikin abin da ya kafa zangon. Na huɗu, a bayyana mana inda kuɗin tikitin da muke biya suke tafiya.

Kowane maigida da kowane shugaban dillalai ya je wurin wakilin unguwarsa a majalisa ya nemi ganin taswira. Tun ran gini, ran zane. Allah Ya kare mu da dukiyarmu, amin.