Ƙarar gini a maƙwabta: a je a yi magana tun ba a tada inji ba



Watan jiya, ranar zubinmu na sati, munka shimhiɗa tabarmi, anka kawo akwati, masu makulli sunka buɗe. Ba mu kai ga suna na biyar ba sai inji ya tashi bayan katanga. Maƙwabcinmu ne da ya dawo daga Abijan, ya sayi tsohon mangaza mai daɓen kankare, yana so ya fasa ya tada shaguna. Magatakarda tana kiran suna, ba mai ji. Da anka ƙirga kuɗɗi, jikka biyu ba ta hito ba, har anka fara kallon juna. Ashe wata ta ce sai sati mai zuwa za ta zuba, ƙara ta haɗiye maganarta, anka rubuta mata ta biya. Da ba ta da gaskiya, da yau muna zargin ma'ajiyarmu a banza.

Ba mu kaɗai ba ne. Daga Madawa har Buza da Keita, kuɗɗin albasa da na ci-rani gini suke komawa, ga siminti kusa da mu a Malbaza. Ba mu ƙi ba, Allah ya ƙara arziki. Amma mai gini da sahe yake leƙowa ya tahi, mu ke wuni cikin gida da jarirai da tsohi da tukunyar sana'a.

Injin nan da magina ke ce ma marto-piker, ƙararsa kusa da shi tana kaiwa desibel 100 ko hiye, alhali masana lahiyar kunne sun ce daga 85 wuni guda cikinta yana ɓata ji. Ba mu da na'urar awo, amma ga gwaji: in sai kin ɗaga murya kahin wadda ke kusa da ke tsawon hannu ta ji ki, ƙarar ta yi yawa. Auduga a kunne ba ta tare komi sosai, kuma don Allah kar a cusa ma jariri. A ɗauke shi a kai gidan ƴan uwa. Ni ƙurar ma ta hi ba ni tsoro. Ƙurar kankare tana da garin dutse mai laushi da ke zama cikin huhu, ba ya hita. Mai hura da mai ƙuli-ƙuli kuwa, ciniki ya mutu ranar nan.

Mu uku munka tahi, da wata dattijuwa cikinmu, bayan la'asar da inji ya huta. Da gangan ban je ni kaɗai ba, kuma ban je da rana cikin hushi ba. Munka gaisa, munka yi masa barka da aiki, sannan dattijuwar ta ce: "Ɗana, muna da mai jego, kwananta goma. Ka ba mu lokaci, mu san yadda za mu yi." Munka roƙi a riƙa zuba ruwa inda ake fasawa, a kashe inji daga azahar zuwa la'asar, kuma ranar zubinmu a bar mu awa biyu. Ya yarda da duka, ya ce ba wanda ya gaya masa. Na yarda da shi, don mu ma kwana huɗu munka yi muna tsaki cikin ɗaki.

Abin da na yi nadama shi ne katangarmu ta laka. Girgizar inji ta tsaga ta, kuma ba mu da shaidar yadda take da. Ku in kun ga an sauke yashi da rodi kusa da ku, ku ɗauki hoton bangonku da waya, ku kira mai unguwa ya gani da idonsa tun aiki bai fara ba.

Shugaban maginan ne ya gaya mini akwai hanyoyin da ba su kai haka ƙara ba. Akwai wani gari, asalinsa farar ƙasa ce da anka toya. Ana huda ramuka a jere cikin kankare, a dama garin da ruwa, a zuba. Yana kumbura a hankali, cikin wuni ko kwana guda kankaren ya tsage da kansa, ba duka ba girgiza. Hudar tana da ƙara, amma ta ɗan lokaci ce, kuma rodin ciki sai an yanke shi daga baya. Yana da tsada, sai an aiko da shi daga babban gari. Zahinmu kuma bai yi masa daɗi: in rami ya yi zahi, yana iya tunkuɗowa sama da ƙarhi ya ƙone ido. Shi ya sa ake zuba shi da asuba da ruwan sanyi, ba a leƙa ramin, a kore yara nesa. Akwai kuma zarto mai aiki da ruwa, yana yanka gunduwa-gunduwa. Shi ma yana kuka, amma ƙura kaɗan ce kuma ba ya jijjiga bangon maƙwabci.

Da yake bayani sai na tuna iyayenmu na Keita. Tun 1984 da anka fara Projet Keita da kuɗɗin Italiya, mata ne sunka hi yawa wurin ɗaukar duwatsu a kai don tare ruwa a tuddai. Duk wadda ta yi aikin ta san dutse yana da jijiya, in an bi ta da guduma da ƙarhe mai tsini sai ya rabu. Daɓen da bai kai taƙi kauri ba, majiya ƙarhi biyu da guduma sun isa. Kwana ya ƙaru, amma an huta da hayar inji da man gurup. A gefen da ke manne da katangarmu haka anka ƙarasa, da hannu.

Maganar gyaran katangar tana gaban mai unguwa. Mai ginin ya ce zai ba da magini, mu mu kawo ƙasa da ruwa, kuma so muke a gama kahin ruwan farko. A taron wata mai zuwa za mu kawo shawarar ko asusun taimako zai iya ranta ma wadda aikin gini ya tsayar da sana'arta, ta biya ba da riba ba. Kowace ƙungiya ta tattauna, wakiliyarta ta zo da amsa.