Na'urar da ke karanta ADN da lantarki: me za ta ƙara a yaƙi da sanƙarau?

Na'urar MinION ta kamfanin Oxford Nanopore na Ingila ba ta kai giram 100 ba lokacin da ta fara fitowa, kuma a jikin kwamfuta ake jona ta. Zaren ADN na ƙwayar cuta yana ratsa wata 'yar mitsitsiyar kafa da lantarki ke bi. Ƙarfin lantarkin sai ya riƙa hawa da sauka gwargwadon haruffan da ke wucewa, A, C, G ko T. Wannan hawa da saukar manhaja ke mayarwa rubutu.

Da ta fito a 2014 kurenta ya yi yawa. Gyaran kafar, da manhajoji masu koyon tace siginar daga hayaniya, sun rage shi ƙwarai. Tun a 2015 ma masu bincike sun yi aiki da ita a Gini lokacin Ebola, suna samun sakamako cikin kwana guda, ba sai an aika jini Turai ba.

A shekarar ce sanƙarau nau'in C ya kashe ɗaruruwan mutane a Nijar, alhali rigakafin MenAfriVac da aka soma a 2010 nau'in A kaɗai yake tsarewa. Gane nau'i da wuri shi ke nuna allurar da za a nemo.

Sai dai na'urar ce mai sauƙin samu. Faifan da ake zuba samfuri a ciki ƙarewa yake, daga waje ake sayo shi da tsada, kuma sanyi yake so. A watan Afrilu, da zafin Damagaram da ɗaukewar wuta, ajiye shi kansa aiki ne.