Gem ɗin 2014 Ake Sayar Wa 'Ya'yanmu Da Sunan Sabon Fitowa



Tun da aka fara maganar yaran da ke yini a gidajen gem a Nyanya da Kubwa da Mararaba, bakin yawancin iyaye ya zo ɗaya: a ƙwace waya, a hana gem, a huta. Mu ba ma tare da wannan ra'ayi. An sha ƙwacewa, yaro ya je ya ari ta abokinsa. Abin da ya fi damun mu shi ne cutar da ake yi wa yaran nan da kuɗinmu muna kallo, don kawai mun ɗauki harkar shirme ce da ba ta kai babba ya tsaya ya fahimce ta ba.

Kwanakin baya ɗan wani ɗan uwanmu ya je wani shagon waya a Wuse, ya biya kuɗi aka ɗora masa abin da mai shagon ya kira eFootball 2025 na PPSSPP. Ya dawo yana murna, ga sababbin riguna, ga Osimhen da Lookman, kowa a kulob ɗinsa. To ga gaskiyar magana. PPSSPP manhaja ce da ke sa waya ta yi aiki kamar PSP, ƙaramar na'urar gem da Sony ya fitar a 2004. Kyauta take a Play Store. Kuma PES na ƙarshe da kamfanin Konami ya yi wa PSP shi ne PES 2014. Duk wanda ya ce maka yana da na 2024 ko 2025 a PPSSPP, tsohon gem ne aka yi wa kwaskwarima: aka sauya riguna, fuskoki, sunayen 'yan wasa da hoton farko. Wannan kwaskwarimar ita ake kira mod. Injin ciki bai motsa ba, tsohuwar mota ce aka yi wa sabon fenti.

Kada a yi mana mummunar fahimta, mod ba abin ƙi ba ne. Yawancin masu yin sa matasa ne a ƙasashe daban-daban da ke ɓata dare suna zanen riga da filin wasa, su saki kyauta. Ga mai ƙaramar waya da ba ta iya ɗaukar eFootball na gaske, kuma ba shi da kuɗin data kullum, wannan tsohon gem ɗin ya fi masa, don ba ya neman intanet. Laifin yana wurin wanda ya sauke abin kyauta, ya ɓoye asalinsa, ya ce wa yaro sabon fitowa ne, bayan wata uku kuma ya sake karɓar kuɗi a kan "sabon" da bai wuce sauyin riga ba. Idan ladan aikinsa da datarsa yake karɓa, ya faɗa, ba mai hana shi. Shi kansa asalin faifan gem ɗin da ake yawo da shi kwafi ne ba da izinin masu shi ba, wannan ma a san da shi.

Amma wannan ƙaramar cuta ce. Babbar ita ce abin da ake kira mod APK, wai gem mai koin marar ƙarewa. Jama'a, mu yi tunani. Tun 2021 Konami ya sauya wa PES suna zuwa eFootball ya mai da shi kyauta, kuɗinsa yana fitowa ne daga sayar da koin. Lissafin koin ɗin nan yana kan kwamfutocin kamfanin, ba a cikin wayarka yake ba, kamar yadda kuɗinka yake a banki ba a cikin katin ATM ba. Ta yaya fayil ɗin da wani ya turo a WhatsApp ko Telegram zai ƙara maka abin da ba ya hannunka? Ba zai ƙara ba. Abin da zai iya yi shi ne ya nemi izinin karanta tes ɗinka, ko ganin abin da ke kan allon wayarka. Yaro ba ya karanta izini, dannawa kawai yake. Wayar wa ce a hannunsa? Sau da yawa ta uwarsa ce, wadda manhajar banki ke ciki, wadda lambar sirrin da banki ke turowa take shigowa ta tes. Daga nan sai a wayi gari ana salati ana zargin 'yar aiki ko ɗan maƙwabci.

Bambancin a bayyane yake ga wanda ya sani. Mod na PPSSPP fayiloli ne kawai: ka buɗe su da manhaja irin ZArchiver, ka zuba su a jakar PSP, shi ke nan. Ba sa neman izinin komai, don su ba manhaja ba ne. Duk "gem" ɗin da ya ce sai ka kashe kariyar waya, ko ya nemi shiga tes da lambobin mutane, ka goge shi tun kafin ka tambayi sunan wanda ya turo. Gem ɗin ƙwallo ba shi da haɗi da tes ɗinka.

Sai masu gidajen gem, waɗanda da yawansu 'ya'yanmu ne da muka haɗa wa jari. Su ma ana yi musu sakiyar da ba ruwa, amma a nan rashin tambaya ne. Tun da EA ya rabu da hukumar FIFA, FIFA 23 ya zama na ƙarshe mai wannan suna, aka koma EA Sports FC daga 2023. Kowace shekara yana fitowa kashi-kashi, akwai Standard akwai Ultimate mai tsada. Ƙarin da ke cikin Ultimate yawanci damar fara bugawa ce kwanaki kafin kowa, da maki na wasan intanet. Mai shago a Dei-Dei da yara ke zuwa su buga biyu-biyu a kan benci, wuta tana zuwa tana ɗaukewa, me zai yi da makin intanet? Ƙwallon da ke cikin filin iri ɗaya ce. Kuɗin da ya ƙara ya isa ya sha man janareto.

Haka kuma kafin ka zaɓi gem, ka fara tambayar kanka ko kana son yi masa mod, don ba kowace na'ura ke yarda ba. PES 2021, wanda ya fito a Satumbar 2020, har yau masu mod ba su sake shi ba. A PS4 ba sai an fasa na'ura ba: gem ɗin da kansa ya ba da ƙofa, ka zuba fayilolin riguna da tambari a filashi cikin jaka mai suna WEPES, ka shigo da su. A Xbox babu wannan ƙofar. A kwamfuta kuma akwai Sider, wanda ke ɗora filaye da riguna ba tare da ya taɓa asalin gem ɗin ba, in abu ya lalace ka cire shi ka koma yadda kake. Gem ɗin EA a kwamfuta yana karɓar mod, amma tun FIFA 23 aka sa masa mai gadin hana maguɗi, kuma sabuntawa ɗaya tana iya rushe duk abin da ka ɗora. Wanda kuwa ya sayi PS4 da aka fasa don an cika masa ita da gem, ya sani ya yi sallama da wasan intanet, kuma ranar da yaro ya danna sabuntawa, fashin ya tashi. Mai sayarwa ba zai gaya maka wannan ba sai ka tambaya.

Abin da ya fi ba mu takaici ma daban ne. Ka shiga kowane gidan gem a Gwagwalada ko Karu, Madrid ce da Barcelona, Chelsea da Arsenal. Ina Kano Pillars? Ina Katsina United, Wikki Tourists, El-Kanemi Warriors? Kamfanonin nan ba su sa gasarmu ta gida a gem ɗinsu ba, amma mod don irin wannan aka yi shi. Ko Dream League Soccer da ke wayar kusan kowane yaro yana ba ka damar sa riga da tambarin da ka zana da kanka, hoto ne mai faɗin 512 da tsawon 512. Yaron da ya iya zana rigar Sai Masu Gida ta zauna daidai a jikin ɗan wasa ya koyi aikin hoto da ake biyan kuɗi a kansa a wuraren buga takardu na Area 1 da UTC. Mu kuwa mun tsaya a ƙwace waya.

Don haka muna kira ga matasanmu da suka san harkar nan, kuma mun san suna karanta wannan shafi, su zo taronmu na wata mai zuwa da kwamfuta ɗaya da filashi. Iyaye su zo da wayoyin da yara ke buga gem a kai, musamman waɗanda manhajar banki ke ciki, a duba izinin da aka ba kowace manhaja ɗaya bayan ɗaya.