Nama tun daga ciki ake gina shi: saƙo ga masu tsara kasafin kiwo

Duk wanda ya bi ta Yelwa a garin Bauchi da yamma zai ga masu tsire da balangu a bakin titi, ga kuma ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da na Kwalejin Aikin Gona ta jihar suna fitowa daga aji. Tsakanin teburin mai nama da ɗakin gwajin jami'a akwai wata alaƙa da ya kamata ma'aikatan da ke tsara kasafin kiwo a Abuja su sani. Naman da muke ci tsoka ce, kuma yawan zaruruwan da ke cikin tsokar sa ko rago tun dabbar tana cikin uwarta ake ƙayyade shi.

Ga yadda abin yake. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin dabba tana ɗauke da kundin gado iri ɗaya, wato DNA. Abin da ya bambanta ƙwayar fata da ta tsoka shi ne waɗanne shafuka aka buɗe, waɗanne aka bari a rufe. Ma'aikacin gwamnati ya san wannan sarai: fayil na iya shekara a ɗakin ajiya, ba abin da zai motsa sai wanda ke da iko ya sa hannu. A jikin ɗan tayi, wasu furotin guda huɗu ne ke sa wannan hannu. Myf5 da MyoD su ke yanke wa ƙwaya hukuncin zama ta tsoka. Daga nan myogenin, tare da MRF4, ke kai aikin ƙarshe: ƙwayoyin su daina rarrabuwa, su haɗe su zama dogon zare guda, su soma ƙera furotin ɗin da tsoka ke motsi da su.

A 1987 ne Harold Weintraub da abokan aikinsa biyu, Robert Davis da Andrew Lassar, suka nuna a birnin Seattle na Amurka cewa MyoD shi kaɗai ya isa ya juya ƙwayar da ba ta tsoka ba ta koma ta tsoka. Shekara goma bayan haka, a 1997, Se-Jin Lee da Alexandra McPherron na Jami'ar Johns Hopkins suka gano myostatin, furotin da ke taka wa tsoka birki don kada ta wuce gona da iri.

Me ya haɗa wannan da makiyayin Bauchi? Saniya na ɗaukar ciki kimanin wata tara, kuma mafi yawan zaruruwan tsokar ɗan maraƙi a tsakiyar wannan lokaci suke samuwa. Bayan haihuwa zaruruwan kauri da tsawo suke ƙarawa, adadinsu bai cika sauyawa ba. Idan tsakiyar cikin ya faɗo a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare kuma shanu ke ta yawon neman abin kai wa baki, to maraƙin na iya zuwa duniya da zaruruwa kaɗan. Mai kiwon turke zai zuba masa dusa da harawa gabanin Babbar Sallah, zai kuma yi ƙiba, amma ba zai kai inda ɗan'uwansa da uwarsa ta ƙoshi zai kai ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Da Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi a 2024, mutane da dama sun ɗora fatansu a kan shigo da manyan shanun waje. Masu wannan ra'ayi na cewa binciken ƙwayoyin gado almubazzaranci ne ga ƙasar da ke fama da tsadar abinci, tunda ga iri an riga an inganta a Turai. Ina girmama damuwarsu, sai dai labarin myostatin kansa gargaɗi ne. Shanun Beljiyam da suka yi suna da tarin tsoka sun samu haka ne saboda wannan birki ya lalace a jikinsu, kuma sau da yawa sai an yi wa matansu fiɗa kafin su haihu. Wane makiyayi ne a rugar Ningi ko Toro ke da likitan dabbobi a kusa da zai yi masa wannan aiki da tsakar dare? Bunaji da Rahaji da Bokoloji sun san zafin ranarmu da nisan tafiyarmu. Abin da ya rage shi ne mu san su kamar yadda Turawa suka san nasu.

Saboda haka buƙatata biyu ce ga daraktoci da mataimakan ministoci da na 'yan majalisa. Ta farko, a ware wa abincin shanu da tumaki masu ciki a lokacin rani gurbi na kansa a kasafi, kada a cusa shi ƙarƙashin tallafin kiwo na gama-gari inda zai ɓace. Ta biyu, a yi amfani da asusun bincike na TETFund a haɗa malaman Yelwa da cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya, su auna yadda waɗannan furotin ke aiki a irin dabbobinmu, da kuma watannin da yunwar uwa ta fi yin ɓarna. Irin wannan aiki yana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa, da firijin ajiye samfuri, da kuɗin da ke fita a kan kari na shekaru a jere, domin saniya ba ta jiran a saki kason wata uku kafin ta haihu.

Ɗaliban da za su yi aikin suna nan a Yelwa, dabbobin kuma suna kasuwannin da ke kewaye da su. Fayil ɗin yana kan teburinku.