Linzamin Majalisa a Kan Jerin Ƙasashe Masu Goyon Bayan Ta'addanci

Tun daga shekarar 1979 gwamnatin Amurka ke riƙe da jerin ƙasashen da take zargi da ɗaure wa ta'addanci gindi. Duk ƙasar da sunanta ya shiga, ba a sayar mata da makamai, ba ta samun tallafin Amurka, kuma wakilan Amurka kan hau kujerar na-ƙi idan ta nemi rance a Bankin Duniya.

Shigar da suna aikin Sakataren Harkokin Waje ne. Fitar da shi kuwa sai Shugaban Ƙasa ya kai rahoto gaban Majalisar Dokoki, ko dai ya tabbatar cewa shugabanci da manufofin ƙasar sun sāke baki ɗaya, ko kuwa ya ba da sanarwar kwana 45, yana mai shaida cewa ƙasar ba ta taimaki 'yan ta'adda ba cikin wata 6 da suka wuce, kuma ta yi alkawarin ba za ta koma ba.

Haƙiƙa wannan linzami yana da dalili. Alal misali, a 1982 an cire Iraƙi domin tana yaƙi da Iran, sai ga shi a 1990 an mayar da ita bayan ta mamaye Kuwait. Watau idan aka bar shugaba shi kaɗai, buƙatar siyasa ce za ta yi hukunci, ba gaskiya ba.

Amma fa linzamin gefe ɗaya kawai ya kama. An sanya Sudan a 1993, zamanin Umar al-Bashir. Jama'ar Sudan sun tuntsurar da shi a Afrilun 2019, amma sunan ƙasar bai fita ba sai Disamban 2020, bayan gwamnatin riƙon ƙwarya ta amince ta biya diyyar dala miliyan 335. Hausawa kan ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, to a nan Bashir ne ya ɗebo, talaka ya ƙone. Haka nan an cire Kyuba a 2015, aka mayar da ita a Janairun 2021 ba tare da an jira ko kwana ɗaya na Majalisa ba.

Saboda haka ya kamata Majalisa ta nemi hujja ranar shigarwa kamar yadda take nema ranar fitarwa, kuma ta tilasta a riƙa sāke duba jerin lokaci-lokaci. Alƙalin da ke ɗaure mutum cikin gaggawa, ya saki da jan ƙafa, bai yi adalci ba.