Sana'ar Feshi a Ƙasar Rano: Aiki Ya Samu, Saura Horo

Duk wanda ya ratsa Madachi ko wani gari na ƙasar Rano da Kibiya a tsakiyar damina, ba zai rasa ganin samari goye da famfon feshi ba, suna bin gonaki ana biyansu ladan aiki. Sana'ar ta karɓu domin jarinta bai wuce famfo guda ba, kuma aikin ba ya yankewa: da damina ciyawa da tsutsar masara, da kaka ƙwaron wake, da rani kuma lambunan da ke shan ruwan Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974.

Manoman Kano sun san abin da ƙwaro ke iya yi. A 1975 cutar da darɓa ke yaɗawa ta karya noman gyaɗa a Arewa. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir, har masana'antar Dangote da ke Kadawa ta dakatar da aiki saboda rashin kaya.

To amma akasarin masu feshin ba wanda ya koya musu. Mai kanti ne ke faɗin awo, wani lokaci ma da murfin kwalba. Sai ka ga yaro yana feshi da tsakar rana, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, iska na mayar masa da maganin a fuska, ya gama ya wanke famfon a rafin da dabbobi ke sha. Illar ba ta tsaya kansa ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin dichlorvos a jikinsa, wato sinadarin nan na fiya-fiya. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni.

Ɗalibin da ke son ya riƙi wannan aiki sana'a yana da hanya biyu. Idan gona ya nufa, akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta da ta Samaru a Zariya. Idan kuwa gidaje, makarantun kwana da asibitoci yake hange, inda ake fama da gara, kuɗin cizo, kyankyaso da ɓera, to fagen duba-gari ne, sai Makarantar Koyon Tsafta ta Kano, sannan lasisi daga majalisar tarayya mai kula da wannan aiki.

Abin da takarda za ta ƙara masa shi ne sanin ƙwaro kafin zaɓen magani, da kwanakin da za a jira kafin a ɗebe amfani, da kuma ranar da feshi ba shi da amfani. Wake, alal misali, buhun PICS mai ruɓi uku yana kashe ƙwaronsa da rashin iska, ba a zuba ko ɗigo. Mai feshin da zai faɗa wa manomi haka ya rasa ladan yini guda, amma shi za a nema baɗi.

Ba kowane saurayi a Madachi zai kai Dambatta ba. Saboda haka ya kamata ƙananan hukumomin Rano da Kibiya su yi rajistar masu feshi, malaman gona na KNARDA su ba su horo na mako guda kafin faɗuwar damina, a kuma sharɗanta wa dillalan magani su ajiye kayan kariya kusa da kwalaben da suke sayarwa.